Malam, Likita da Masanin Hali: Me Ake Nufi da Kallon Mutum a Dunƙule?

A ɗauki misalin da unguwanni da yawa a Maraɗi suka sani. Ƴar kwaleji ta yanke jiki ta faɗi ana tsakiyar darasi, idanu sun kakkafe, jiki na karkarwa. Kafin a tashi daga lakwal wasu biyu sun bi bayanta. Da la'asar gida ya cika da ƴan dubiya, kowa da nasa bayani. Kaka ta ce iska ce, a nemo hayaƙi. Mahaifi ya aika a kira malamin ruƙiyya. Ƙanwar uwa, da ke aiki a likita, ta ce, "Yaya, a bari a duba ta tukuna, kada ya zamo farfaɗiya ce." Sai wan yarinyar, ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo, ya zaro salula ya nuna wani bidiyo: wai gardamar duk ta banza ce, domin ruhi da tunani da jiki abu ɗaya ne, kuma kimiyyar zamani ta tabbatar.

Bayanin kaka da na mahaifi da na ƙanwar uwa tsofaffi ne a garin nan. Na wan ne baƙo. Yana shigowa ta WhatsApp da TikTok, galibi da Faransanci, daga bakin masu horar da mutane kan "gyaran rayuwa" da masu tallar garin magani a gwangwani, kuma kalmar da ba ta barin bakinsu ita ce "holistik", wato kallon mutum a dunƙule. Wasu na jin ta kamar sabon addini, wasu na ɗaukar ta shaidar abin da malamai suka daɗe suna faɗa, wasu kuma sun ce dabarar ciniki ce kurum. Kowa ya kama wani gefe, domin kalmar tana ɗauke da da'awa fiye da ɗaya, kuma hujjojinsu ba nauyi ɗaya suke ba.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Kimiyya hanya ce ta neman sani a kan abin da ake iya gani ko aunawa. Sharaɗinta shi ne, in mutum ya ce ya gano abu, ya bayyana yadda ya yi, har wani a Damagaram ko a Sin ya maimaita, ya samu abin da ya samu ko ya ƙaryata shi. Abin da babu hanyar gwada shi ya fita daga huruminta. Wannan bai mai da shi ƙarya ba, ma'aunin ne bai kai can ba.

Ilimin hali, wanda ƴan boko ke kira sikoloji, nazari ne na tunani da ji da ɗabi'ar ɗan Adam. A matsayin fanni mai gwaje-gwaje yaro ne: a 1879 Wilhelm Wundt ya buɗe ɗakin bincikensa na farko a Leipzig ta ƙasar Jamus. Masanin hali yana aiki da zance da sauraro, shi kuwa likitan ƙwaƙwalwa likita ne cikakke mai rubuta magani. A bakin jama'a duk "likitan mahaukata" ne, kuma wannan suna kaɗai ya ishi mai ciwo ya ƙi zuwa.

Ruhaniyya ce ta fi rikitarwa. Ba zancen rauhanai ake yi ba, waɗanda ake cewa malaman tsibbu na aiki da su. A littattafan Turai da Amurka kalmar na nufin neman ma'anar rayuwa da jin alaƙa da abin da ya fi mutum girma, ko da babu addini, ko da babu Allah a ciki. Musulmin Maraɗi kuwa, in ya ji ta, hankalinsa na zuwa ga tsarkake zuciya, ihsani, zikiri da tasawwufi, abubuwan da ba su rabuwa da salla da azumi. Kirista ma da addu'a da majami'a zai haɗa ta. Don haka mai bidiyo da mai kallo suna iya amfani da kalma ɗaya, kowa na nufin nasa.

Ita kuwa "holistik" daga kalmar Girkanci "holos" ta fito, ma'ana dukan abu. Jan Smuts, wanda ya yi firaministan Afirka ta Kudu har sau biyu, shi ya ƙirƙiri sunan a wani littafi na 1926. Abin da yake cewa: dunƙulallen abu yana da halin da ba a samu a tarin sassansa. In bakanike ya wargaza babur ya jera kayan a kan tabarma, babu ƙusa ɗaya da ta ɓace, amma wannan tarin ba zai kai kowa Tibiri ba. 

Rabuwa ta riga haɗuwa

Ba a kiran a haɗa sai abin da aka raba. Duk wanda ya yi falsafa a ajin ƙarshe na lise ya gamu da René Descartes, Bafaranshen da ya rasu a 1650. Shi ya ce jiki abu ne mai tsawo da faɗi, yana tafiya kamar inji, hankali kuwa wani jinsi ne dabam. Likitancin Turai ya kama ɓangaren injin ya bi shi har ƙarshe, kuma ribar ba ƙarama ba ce. A 1880 Alphonse Laveran ya ga ƙwayar zazzaɓin cizon sauro cikin jinin maras lafiya a Aljeriya. A 2010 aka fara allurar MenAfriVac a Nijar da Mali da Burkina Faso, kuma nau'in sanƙarau da ya saba share garuruwa da bazara ya ja baya ƙwarai. Duk wannan ya samu ne ta hanyar ware abu ɗaya a bi diddiginsa, wato akasin dunƙulewa.

Hasarar ita ce maras lafiya ya koma gado mai lamba. Addini kuma aka tura shi waje: a 1927 masanin hali Sigmund Freud ya rubuta cewa imani mafarkin ido biyu ne da ɗan Adam ya ƙirƙira don ya ji yana da majiɓinci. Ba duk masana hali suka bi shi ba. Tun 1902 William James na Amurka ya nazarci labaran tuba da ibadar mutane, ya ce a auna su da irin ƴaƴan da suka haifa a rayuwar mai su.

Gyaran ya zo daga cikin gidan likitanci. A 1977 George Engel na Jami'ar Rochester ya buga maƙala a mujallar Science yana cewa likitan da ya duba jiki kaɗai ya duba kashi ɗaya cikin uku: akwai tunanin maras lafiya, akwai kuma zamansa da jama'a. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda aka fi sani da OMS a nan, tun a tsarin mulkinta da ya fara aiki a 1948 ta ce lafiya ta haɗa jiki da hankali da zamantakewa, rashin cuta kaɗai bai isa ba. A ƙarshen shekarun 1990 aka kawo shawarar a ƙara ruhi a cikin wannan ma'ana, amma ba a sauya ta ba har yau.

Abin da ke cikin harshe da littattafan zaure

Bahaushe bai taɓa yin irin rabuwar Descartes ba, kuma gaisuwarsa ta nuna. Kalmar "lafiya" ɗaya ce ake tambayar jiki da ita, da gida, da kasuwa, da gari, da damina. Wanda bashi ya yi wa katutu ba ya cikin lafiya ko da jininsa ƙalau yake. Zuciya tsoka ce, ita ce kuma mazaunin fushi da jarunta da tausayi. In hawan jini ya kama magidanci, abin da mata ke fara cewa shi ne tunani ya yi masa yawa.

Malaman Musulunci sun tsara wannan a rubuce tun da daɗewa. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya ware babi guda a cikin Ihya'u Ulumiddin a kan abubuwan al'ajabi na zuciya, ya fara da fayyace kalmomi huɗu: ƙalbu, ruhu, nafsu da aƙlu. Ga mafi yawansu ya nuna ma'ana ta zahiri da ta ɓoye. Ƙalbu tsokar da ke ƙirji ce, ita ce kuma abin nan mai sani da ake yi wa hisabi. Matakan nafsu uku da ɗaliban zaure suka haddace, mai umarni da mugun abu, mai zargin kanta, da natsattsiya, daga Alƙur'ani aka ciro su. Game da ruhi kuwa aya ta 85 a Suratul Isra'i ta ja layi: yana daga al'amarin Ubangiji, kuma ilimin da aka ba mutane kaɗan ne. Wannan aya ita ce katangar da duk mai son "auna ruhi" a gaban Musulmi zai ci karo da ita.

Wanda ya fi kusa da abin da ake kira holistik a yau, ba a cika jin sunansa a zaurukanmu ba. Abu Zaid al-Balkhi, wanda ya rasu a 934, ya rubuta Masalihul Abdani wal Anfus, wato maslahar jikkuna da rayuka. Ya yi ƙorafin cewa likitocin zamaninsa sun tattara hankalinsu a kan jiki sun bar rai, alhali in jiki ya kamu rai na rasa kaifinsa, in rai ya kamu jiki na rasa daɗin rayuwa har ya kwanta. Ya yi magana a kan fushi, tsoro, baƙin ciki da waswasi. A kan baƙin ciki ne ya yi rabon da likitocin yau suka yi mamakinsa. Akwai wanda dalilinsa sananne ne, kamar rashi ko hasarar dukiya. Wannan maganinsa nasiha daga waje da gyaran tunani daga ciki. Akwai kuma wanda ke sauka wa mutum babu dalili, ya hana shi walwala da sha'awar komai. Wannan, in ji shi, tushensa a jiki yake, kuma jikin za a yi wa magani. Har ya ba da shawarar mutum ya tanadi kyawawan tunani tun yana cikin natsuwa, kamar yadda ake ajiye magani a gida saboda ranar ciwo. Malik Badri, masanin hali ɗan Sudan da ya rasu a 2021, shi ya fassara wannan sashe zuwa Ingilishi, ya nuna kamarsa da hanyar gyaran tunani da asibitoci ke amfani da ita yanzu.

Ibnul Ƙayyim, wanda masu ruƙiyya ke yawan kafa hujja da shi, shi ma bai ce kowace faɗuwa aljani ba ce. Ya raba ta biyu: wadda ya jingina ga miyagun ruhohi, da wadda ke zuwa daga lalacewar ruwayen jiki, wadda ya ce ita ce likitoci ke magana a kai. A ƙasar Hausa, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi rubuce-rubuce a kan magani, ƙanwarsa Nana Asma'u kuma ta rubuta a kan neman waraka da ayoyi, tana janye mata daga bori.

Maraɗi kuwa tana da nata tarihin a nan. Sarakunan Katsina da suka ƙi bin jihadi ne suka kafa ta a farkon ƙarni na 19, shi ya sa bori ya daɗe da gindin zama a fada: Iya a Maraɗi, Inna a Tibirin Gobir, su ne iyayen ƴan bori. Girka, a idon masu ita, jinya ce ta kwanaki da kiɗa da magani, wadda a ƙarshenta mai ciwo ke samun suna ga abin da ke damun ta da kuma jama'ar da za ta shiga. Masu binciken al'adu sun fi kula da wannan ɓangare na samun jama'a. Malamai, musamman tun da wa'azin Izala ya yi ƙarfi a garin, sun ce shirka ce, amfaninta ko babu ko akwai.

Haɗawa iri uku

In aka tace abin da ake sayarwa da sunan holistik, da'awa uku ke fitowa.

Ta farko ta jinya ce: a kula da jikin maras lafiya, a saurari damuwarsa, a mutunta imaninsa, duk a lokaci ɗaya. Wannan ita ce ta Balkhi da Engel, kuma kusan babu mai ja da ita.

Ta biyu taswira ce, mai son ba kowane ilimi mazauninsa. Wanda ya fi shahara da ita Ken Wilber ne, Ba'amurke da aka haifa a 1949, wanda tun 1995 yake cewa kowane lamari na da kusurwa huɗu. A gwada da ƴar kwalejin nan. Akwai abin da ke cikin ranta, wanda ita kaɗai ta sani: tsoron jarrabawa, ko auren da ake ƙulla mata ba ta so. Akwai abin da ake iya aunawa a jikinta: zazzaɓi, ƙarancin jini, yunwa, motsin ƙwaƙwalwa. Akwai abin da gari ya yi imani da shi game da faɗuwar ƴan mata, wanda ita ma da shi ta tashi. Akwai kuma tsarin da ke kewaye da ita: aji cike maƙil ƙarƙashin kwano a zafin Afrilu, da nisan likita, da kuɗin magani. Amfanin taswirar shi ne tana hana mai kusurwa ɗaya ya ce shi kaɗai ya ga komai. Sai dai Wilber bai tsaya nan ba. Ya jera wayewar ɗan Adam hawa-hawa, ya sa sihiri a ƙasa, bin nassi a samansa, hankali a sama da shi, can ƙololuwa kuma wani irin fana'i, wato narkewar kai, mai kama da na Hindu da Buda. Musulmi ko Kirista da ya karanta zai tarar an mai da aƙidarsa matakalar da ake takawa a wuce. Masana kimiyya su kuma sun ce babu gwajin da zai tabbatar da wannan jeri ko ya rushe shi.

Ta uku narkarwa ce: cewa addini da ilimin hali da kimiyya abu ɗaya suke faɗa, kuma ɗaya ya tabbatar da ɗaya. Bidiyon wan yarinyar daga nan ya fito. Kalmar da aka fi jingina da ita "kwantum" ce, fannin fizik da ya faro daga aikin Max Planck a 1900, mai bayanin halin haske da ƙwayoyin da suka fi ƙwayar zarra ƙanƙanta. Fanni ne tabbatacce, da shi aka ƙera abin da ke cikin salular da ake kallon bidiyon. Amma babu inda lissafinsa ya ce tunanin mutum na jawo kuɗi ko narkar da ƙari. Fritjof Capra a 1975 ya kwatanta shi da hikimar addinan Gabas, Deepak Chopra a 1989 ya ɗora jinya a kansa, littafin The Secret na 2006 kuma ya yaɗa cewa abin da ka ƙudurta shi duniya ke turo maka. "Makamashi" ma haka aka yi masa. A wurin masana fizik abu ne mai awo, shi mitar NIGELEC ke ƙirgawa a ƙarshen wata. Wanda ake cewa yana fita daga tafin hannun mai jinya babu na'urar da ta kama shi.

Narkarwa tana da rigar Musulunci ma. Littafin likitan Faransa Maurice Bucaille na 1976, wanda ƴan boko da yawa a ƙasashen renon Faransa suka karanta, ya ƙarfafa ɗabi'ar neman kowane sabon bincike a cikin aya. Masu goyon baya na ganin hakan na ƙara wa matasa yaƙini. Masu suka, cikinsu har da masanin taurari ɗan Aljeriya Nidhal Guessoum, na cewa kimiyya kan sauya matsayi, wanda ya ɗaure aya a jikinta kuwa zai rasa abin faɗa ranar da ta sauya. Gardamar ba sabuwa ba ce. Imamu Shaɗibi, malamin Malikiyya da ya rasu a 1388, ya soki masu ɗora wa Alƙur'ani kowane fanni. Gazali kuma ya yi gargaɗi ta ɗaya gefen, a kan jahilin masoyin addini da ke ƙaryata lissafin husufi don kare Musulunci, har masu lissafin su ɗauka addinin a kan jahilci aka gina shi.

Abin da awo ya nuna

Cewa tunani na taɓa jiki ya tabbata. In mutum ya firgita, jiki na sakin sinadaran adirenalin da kotizol, bugun zuciya ya ƙaru, sukari ya hau. In damuwar ta zama ta kullum, barci da hawan jini da garkuwar jiki duk suna jin ta. Faɗuwar ɗalibai bi da bi ma sananniya ce a makarantun ƙasashe da dama: firgici na yaɗuwa ta gani da ji, alamomin na gaske ne ba shiri ba, kuma kan lafa in aka raba waɗanda abin ya kama aka rage taron ƴan kallo.

Iyakar wannan ƙarfi ma an auna ta. A wani gwaji da aka buga a 2011 a Amurka, an ba masu asma maganin shaƙa na gaske a wani zuwan, a wani zuwan kuma na wofi da babu komai a ciki. Da aka tambaye su, sauƙin da suka ce sun ji kusan ɗaya ne. Da aka auna numfashinsu da na'ura, na gasken ya buɗe huhu da kashi 20 cikin ɗari, na wofin kashi 7. Wato sa rai na rage jin ciwo, cutar kuwa tana nan inda take. Wannan ya bayyana yadda mutum zai rantse garin gwangwani ya yi masa aiki, yana kuma faɗin gaskiya, alhali sukarinsa bai sauka ba.

Ibada fa? Wani bincike na 2016 da ya bi mata ma'aikatan jinya fiye da 74,000 a Amurka na tsawon shekara 16 ya ga waɗanda ke zuwa wurin ibada fiye da sau ɗaya a mako sun fi ƙarancin mutuwa a wannan tsakani da kashi 33 cikin ɗari. Masu binciken sun danganta wani ɓangare da samun jama'a, ƙarancin shan taba da ƙarancin baƙin ciki. Irin wannan nazari na nuna tafiya tare, bai isa ya yanke cewa wannan ne ya haifi wancan ba. Da aka gwada addu'ar nesa kamar yadda ake gwada ƙwaya, a binciken Herbert Benson na 2006 a kan mutum 1,802 da aka yi wa aikin zuciya, ba a ga bambanci tsakanin waɗanda aka yi wa da waɗanda ba a yi wa ba. Malaman addini da dama sun ce gwajin tun tushe bai dace ba, don Allah ba a sa Shi a ma'auni, amsar addu'a kuma ba lallai ta zo da siffar da aka roƙa ba. Amsar tana da ma'ana a cikin aƙida, tana kuma nufin kada a ce kimiyya ta tabbatar.

Inda ake ja-in-ja

Malamin sunna ya yarda da neman magani, hadisi ya ce Allah bai saukar da cuta ba sai da Ya saukar da maganinta. Tsoronsa aƙidar da ke shigowa a ɓoye: in ƙudurin mutum ke juya duniya, ina ƙaddara? Malamin ɗariƙa ya fi sakin fuska ga zancen tarbiyyar zuciya, amma zai ce zikiri don Allah ake yi, wanda ya mai da shi dabarar saukar da hawan jini ya ɗauki ɓawo ya bar ƙwaya. Likita ba ruwansa da wannan; abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya shi ne maras lafiyar da aka kawo bayan an gama zagaye. Akwai kuma masu ra'ayin Stephen Jay Gould, masanin halittu na Amurka da ya ce a ƙarshen shekarun 1990 kimiyya ta riƙe tambayar "yaya", addini ya riƙe ta ma'ana da ɗa'a, kowa ya tsaya a gonarsa. Rabon na da tsabta a takarda. A ɗakin da yarinya ke kwance, malam da likita duk a kan faɗuwa ɗaya suke magana, kuma mahaifi dole ya zaɓi inda za a fara.

Abin da zai taɓa mai gida

Na farko lokaci. Jijjiga tare da zazzaɓi mai zafi, ko sanƙarewar wuya, na iya zama sanƙarau ko zazzaɓin sauro da ya hau kai, kuma waɗannan da sa'o'i ake lissafinsu. Tofi ba ya hana a hau babur zuwa likita. Ana iya yin sa a hanya. Farfaɗiya kuwa, a ƙididdigar OMS, tana damun mutum kusan miliyan 50 a duniya, kusan kashi 80 cikin ɗari a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita, kuma har kashi 70 cikin ɗari za su iya daina faɗuwa in sun samu maganin da ya dace suna sha a kai a kai. Ba a ɗaukar ta ta yawu. Ba a cusa wa mai ita cokali a baki, a kwantar da shi ta gefe ne a kawar da wuta da abin da zai ji masa rauni. In jijjigar ta wuce minti biyar, ta zama ta gaggawa.

Sai aljihu. Gidan da ya biya hayaƙi, ya biya rubutu, ya biya gwangwanin da aka ce yana "daidaita makamashi", sau da yawa ya iso farmasi hannu wofi. Alamar da ta fi saurin tona mai ciniki ita ce magani ɗaya da ke warkar da sukari da basir da rashin haihuwa da sammu, ko kuma umarnin a ajiye ƙwayar likita.

Akwai kuma zargi, wanda ba a cika lura da shi ba. Koyarwar da ta ce tunaninka ne ya jawo maka komai tana gaya wa manomin da fari ya cinye gonarsa cewa laifinsa ne. Mai jego da ta daina barci da cin abinci, tana kuka babu dalili, in aka ce mata raunin imani ne, an ƙara mata kaya a kan kaya, ga shi kuwa tun ƙarni na goma Balkhi ya ware irin wannan baƙin ciki ya ce na jiki ne.

Ta ɓangaren samu, haɗin jinya an gwada shi a Afirka ta Yamma tun kafin kalmar holistik ta zama abin talla. A 1954 likitan ƙwaƙwalwa Thomas Adeoye Lambo na Najeriya ya fara zaunar da masu taɓin hankali tare da danginsu a ƙauyukan da ke kewaye da asibitin Aro a Abeokuta, yana aiki da masu maganin gargajiya. Henri Collomb ya bi hanya mai kama da wannan a asibitin Fann na Dakar daga 1959. A 2020 mujallar Lancet ta buga gwajin da Oye Gureje ya jagoranta a Ibadan da Kumasi: ma'aikatan lafiya na zuwa wuraren masu maganin gargajiya da masu addu'a, su ba da ƙwaya, mai wurin ya ci gaba da nasa. Bayan wata shida, waɗanda aka yi wa wannan haɗi sun fi sauran samun sauƙi. Ga ƙasa irin Nijar, inda likitocin ƙwaƙwalwa ƙalilan ne kuma aka fi samun su a Yamai, malamin unguwa shi ne ƙofar farko ko an so ko an ƙi, kuma abin da ya sani game da alamomin da ake turawa likita na iya raba rai da mutuwa. Ba a nemi kowa a waɗannan gwaje-gwaje ya bar aƙidarsa ba, ba a kuma ce ɗaya ta tabbatar da ɗaya ba.

Haɗin bai share komai ba. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ba da rahoto a 2020 cewa ta samu shaidar ɗaure masu taɓin hankali da mari ko sarƙa a ƙasashe 60, a gidaje da wuraren jinya na addini da na gargajiya. A wani sansanin addu'a na Gana, gwajin da aka buga a 2018 ya shigar da likitocin ƙwaƙwalwa da magungunansu har cikin sansanin. A mako shida alamomin ciwon sun ragu ga waɗanda suka sha maganin, amma yawan kwanakin da suka yi a ɗaure bai bambanta da na waɗanda ba su sha ba.